Kik Ɗin Saman Kanta

Na daɗe ina sayar da kayan mota. Na ci riba, na faɗi, an cuce ni, ni ma ba zan dafa Alƙur'ani in ce ban taɓa matse wani ba. Yawancin wannan duk ya bi ruwa. Amma akwai wasu makonni uku da safiya ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba za su bar zuciyata ba, kuma duk a kan kik ne, ɗan ƙarfen nan da ke juya injin mota ya tashi idan an murɗa makulli.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yayana. Gidanmu na gado yana wani ƙauye a ƙasar Bici, irin gidajen nan da ke zaune a tsakiyar gonaki, ko'ina ka juya gonar wani ce ta taɓo katangarka. Ni na bar gida da wuri. Da tallan fulogi da man birki na fara a bakin tasha, har Allah ya ba ni shago a gefen Ungogo, na tsaya a kan kayan wuta. Yaya ya zauna gida, yana noma da damina, da rani kuma yana gyara wa manoman dam ɗin Watari injinan ban-ruwa. Mutum ne mai hannu. Inji yana tari daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa.

Wata shekara da rani sai ya sayo gangar jikin wata mota a wurin 'yan gwangwan. Ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta da ƙasa kamar kwaɗo, irin motocin tseren nan da ake gani a talabijin. Ba inji a cikinta. Tarakta ce ta jawo ta ta cikin gonaki har gindin mangwaron ƙofar gida. Shekara biyar yana gina ta. Ya samo inji mai fulogi shida na wata babbar mota da ta yi hatsari, ya yanka nan, ya yi walda can, har ya zaunar da shi a cikin wannan 'yar mitsitsiyar mota. Matarsa, wadda muke wasan ƙanin miji da ita tun ranar da aka kawo ta gidan, takan ce, "Kajin gidan nan sun fi na kowa gata, akurkinsu har da gilas."

Sai na yi bayanin hanyar gidanmu, don a nan maganar take. Daga ƙofar gida zuwa kwalta gonaki huɗu ne, kuma abin da ya ratsa su 'yar siririyar hanya ce ta jaki da babur. Mota ba ta shiga ko ta fita sai da rani, bayan an kwashe amfani, ta bi ta kan gonakin mutane. Ranar da ruwan shuka ya sauka, an rufe ƙofa ke nan sai kaka. Ba mai hankalin da zai taka wa maƙwabci gero.

A bazarar da nake ba da labari, Yaya ba shi da wata kakar da zai jira. Hawan jinin ido ya kama shi. Ganinsa yana ta tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma a asibiti an gaya masa magani zai rage gudun ciwon ne kawai. Burinsa ɗaya: ya tuƙa motar da ya gina da hannunsa tun yana ganin hanya. Komai ya kammala sai kik. Wanda ya zo da injin zuciyarsa ta ƙone, wato amica, dunƙulen wayar nan da ke juyawa a ciki. An kuma gwada tura ta, tayoyin suka riƙa jan ƙasa, injin ya fi ƙarfin a tayar da shi a kan rairayi. Yaya ma ya ce, "Motar da sai an tura amalanke ce, ni ba amalanke na gina ba."

Ranar da ya dawo daga asibitin ya biyo ta shagona. Muna hira yana shafa kaya, don a lokacin hannunsa ya fara karɓar aikin idonsa. Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani kik ɗan Beljiyam, ƙarami, mai giya a ciki, wanda ba a taɓa buɗewa ba, fentin kamfani ruwan ɗorawa yana nan a kan notinansa. Shi ne mafi daraja a shagon. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya zagaya bakinsa da babban yatsa.

"Auta, wannan ɗan gidan mutunci ne," in ji shi.

"An riga an yi magana a kansa, Yaya," na ce.

Ƙarya nake yi, ba wanda ya taya. Bakina ne ya riga ni, kamar yadda ya saba. Ya mayar da shi inda ya ɗauko, ya gyara masa zama, ya ce Allah ya kawo kasuwa. Bai sake ta da maganar ba. Babba ba ya roƙon ƙaninsa, wannan kowa ya sani a gidanmu, ni ma na sani.

Ba wai na ƙi taimakonsa ba ne, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na taimake shi, amma irin taimakon ɗan kasuwa. A sana'armu ba a fara fito wa mai saye da na ƙwarai. Na ƙasa ake fara nuna masa, in ya yi masa shi ke nan, in bai yi ba a ɗan matsa sama. Ga kuma doka ta biyu: kayan wuta in an ɗaura ko an buɗe, ba sa komawa kanta. Da waɗannan dokoki biyu na gina shagona, da su kuma na tafi gidan ubana.

Juma'ar farko na kai masa wani sabo fil a kwali, mai ƙyalli, mai araha. Muka ɗaura. Ya murɗa makulli, kik ya yi nishi sau biyu, ƙuu, ƙuu, ya tsaya. Wayar batir ta yi zafi har ba ta taɓuwa.

"Jaki ka kawo ya ɗauki kayan raƙumi," in ji Yaya, yana dariya.

Juma'a ta biyu na kai wani ƙato na tsohuwar bas. Ƙarfi kam akwai, amma gindinsa ya tokare salansa, da ƙyar muka cusa shi, haƙoransa kuma suka ƙi shiga na babban faifan da ke bayan inji. Ƙarar da ya yi sai da ta sa haƙoranmu tsami. Juma'a ta uku na ce bari in yi dabara: na kai ƙonanniyar amicar aka sake naɗa mata waya a wurin wani mai sauƙin farashi. Ta juya injin sau uku, har ya yi atishawa kamar zai kama, sai hayaƙi da warin ƙonannen roba. Yaya ya saki sitiyari, ya ɗaga kai yana shaƙar iska.

"Gabas ta fara nauyi," ya ce.

Na ce masa ai da saura, bara ma sai da aka yi wata guda ana ganin hadari yana watsewa. Na hau babur na koma.

Ranar Laraba bayan la'asar ina shago sai iska ta juya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo. Kafin in shigar da kayan waje ruwa ya kece. Yana tsagaitawa wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Alhajin birni, kun samu ruwa?"

"Mun samu. Ku fa?"

"Mu har kwata ta cika. Gobe kowa sungumi." Sai muryarta ta sauya, ba wasa a ciki. "Yau da safe yayanka ya zuba shayi a gefen kofi. Sau biyu. Idon hagu ya tafi, na daman ne ya rage, shi ma rabi. Ya hana ni gaya maka. Kuma tun ran da ya dawo daga shagonka yake cewa akwai wani a saman kantarka da cikinsa ɗaya da nasa. Na ce ya tambaye ka, ya ce an yi magana a kansa. Auta, wa ya yi maganar?"

Na ɗaga kai na dubi saman kanta.

Washegari da sassafe na ɗaure kik ɗin a bayan babur. Ina sauka daga kwalta na ga gonaki sun cika da mutane, maza suna sara da sungumi, na bayansu suna jefa iri suna rufewa da diddige. Na ce a raina na makara. Sai na lura da wani abu. Tun daga bakin kwalta har ƙofar gidanmu an bar wani fili miƙaƙƙe, faɗinsa kamar gaba biyu, ba a sare shi ba. Ya ratsa gonaki huɗun nan duka.

Mai gonar bakin titi wani dattijo ne, abokin mahaifinmu, Baba muke ce masa. Mutum ne da ko kara ba a ɗauka a gonarsa. Ya dogara da sungumi yana kallona.

"Kai ne mai kik ɗin da ake jira?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya lau, tunda ka ga dama ka zo. Ka ga wannan layin? Ba wanda ya roƙe mu. Shekara nawa yayanka yana tashi daga kan abinci ya je ya tayar mana da inji a fadama. Amma danshi ba ya jiran kowa. Gobe da hantsi zan shuka abina. In kwaɗon naku bai fita ba, sai ku zuba masa taki ku dasa tumatir a ciki."

Na tarar da Yaya a gindin mangwaro. Na ɗora masa kik ɗin a cinya. Ya shafa shi, ya gane shi nan take.

"Mai shi ya fasa ne?"

"Ba shi da mai shi, Yaya. Dama can."

Ya gyaɗa kai kawai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka shimfiɗa tabarma, muka jera su huɗu: mai ƙyalli, na bas, ƙonanne, da ɗan Beljiyam. Abin da ya kamata mu yi tun ranar farko ke nan. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana ƙirga haƙora. Na injinsa tara ne. Ɗan Beljiyam sha ɗaya, kuma kunnuwan da ake ɗaure shi da su ba su yi daidai da ramukan injin ba.

"Ashe shi ma ba zai hau ba," na ce.

"Wa ya ce maka hawa zai yi? Kai ba ka duba ciki, fuska kake sayarwa. Kansu ne daban, gangar jikinsu gida ɗaya suka fito. Za mu cire zuciyar naka mu sa a jikin nawa."

Wato sai an farke shi. Na ɗauki sukundireba na ɗora a kan notin farko, a kan fentin nan ruwan ɗorawa, kuma wallahi sai da hannuna ya tsaya. Shekara ashirin na hana mutane yin abin da zan yi. Yaya bai gani ba, amma ya ji shirun.

"Auta, in ka karya fentin nan ya tashi daga kaya. Yi tunani."

Na murɗa. Fentin ya yi ƙas.

Wuni muka yi a kan tabarmar nan, shi ne hannu, ni ne ido. Ya zare amicar, ya kai ta hanci ya shinshina, ya ce lafiyayya ce. Na wanke gidan tsohon da fetur, na goge inda burushi, 'yan gawayin nan masu kai wa amica wuta, ke taɓawa da sanfefa har jan ƙarfen ya fito. Akwai wasu 'yan giyoyi uku ƙanana a ciki, ya sa na shafa musu giris da tsinke, yana cewa kada in cika, ba miya ba ce. Wajen mayar da burushi wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Muka yi ta lalube har la'asar ta kusa. Matar Yaya ta fito ta tsaya tana kallonmu, ta koma ciki, ta dawo da rariyar tankaɗe.

"Ku matsa, injiniyoyi."

Ta tankaɗe ƙasar wurin kamar garin tuwo. A zubi na huɗu ga shi kwance a cikin rariya.

"Wannan ma a birni sai ka ce an yi magana a kansa," ta ce, ta miƙo mini.

Da muka haɗa, na taka shi da ƙafa a ƙasa, Yaya ya taɓa masa wayar batir. Ya zabura kamar ɗan akuya, haƙoran suka yi tsalle waje suka koma. Muka ɗaura shi a mota ana kiran magariba. Na ce a gwada. Yaya ya ce a'a.

"In ta tashi yanzu ba zan iya haƙuri ba, kuma da yamma ba na ganin ko tafin hannuna. Bari gari ya waye."

Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a. Matarsa ma ta fito da sabon mayafi da takalmin unguwa. Sai a lokacin na ji cewa tun ranar da aka jawo motar ya yi mata alkawari ita zai fara ɗauka, ya kai ta garinsu ta gaida iyayenta a ciki.

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa. Kik ya juya injin da sauri, ba nishi. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake. A karo na uku ya kama da wani irin ruri da na ji har cikin ƙirjina, kaji suka watse, masu shuka a gonaki suka miƙe tsaye. Yaya ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya ɗago sai ya miƙa hannu neman giya, ya kama iska, ya sake lalubawa. Matarsa tana tsaye riƙe da murfin ƙofa, ta gani. Kujera biyu ce a motar. Ta dubi layin nan siriri da shukar mutane hagu da dama, ta saki ƙofar.

"Alhajin birni, shiga. Yana bukatar wanda zai iya kama masa sitiyari. Ni na bi baya."

Muka fita a hankali, ina cewa dama kaɗan, miƙe, hagu kaɗan. Da na waiwaya sai na ga Baba a bayanmu, yana sara da sungumi a kan sawun tayarmu, bai ko jira mun kai kwalta ba. Hanyar tana rufewa muna tafe.

Na san ba hankali ba ne mai rabin ido ya hau titi, kuma ba na ba kowa shawarar haka. Mun zaɓi hanyar dam ne don ba mota a kanta da safe, hannuna kuma yana kusa da sitiyari. Amma da ya ji kwalta a ƙarƙashinsa sai ya zama wani mutum. Ya sa giya ta biyu, ta uku, motar ta manne da ƙasa ta miƙa, iska ta cika masa riga. Yana dariya kamar yaro, yana cewa, "Kana ji? Kana jin yadda take numfashi?" Ban taɓa ganinsa haka ba, ko a ranar aurensa.

A bakin ruwan Watari ya tsaya ya kashe ta, don kawai ya sake tayarwa. Murɗa ɗaya ta kama. Ya yi haka sau uku.

"Aikinmu ya yi, Auta," ya ce.

Aikinmu ya ce, bai ce aikina ba.

A hanyar dawowa rana ta ɗaga, haskenta ya riƙa dukan gilas. Na ga yana ƙifta ido yana rage gudu, har ya gangara gefe ya tsaya. Ya ce titin ya zama fari fat, in karɓa. Da muka iso mahaɗar gidanmu, matarsa tana zaune a bakin kwalta a ƙarƙashin wata darbejiya, da mayafinta, tana jira. Ta ga wanda ke riƙe da sitiyari. Ta tashi ta karkaɗe zaninta.

Na ce ta shigo in kai ta, ko da zuwa Bici ne mu dawo.

"Ba da kai aka yi alkawarin ba," ta ce. Ta kama hannun mijinta suka bi 'yar hanyar jaki zuwa gida.

Motar a shagona ta yi damina, tunda ba hanyar komawa. Bayan kwana tara na kawo ta bakin kwalta, su biyun suka fito, muka sake gwadawa da sassafe, amma ya kasa raba kwalta da ƙasa. Kafin a yanke gero hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Ya rayu shekara huɗu bayan nan, yana gyaran inji da kunne da yatsa, bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni ne nake yi wa kaina. A Juma'ar farko yana karanta lambar mota daga nesa. Da na kai masa ɗan Beljiyam ran nan, da ya yi mako uku yana tuƙi, da ya kai matarsa garinsu ta fito daga motar mijinta a gaban danginta. Safiya ɗaya na bar masa, ita ma maƙwabta ne suka saya masa da danshin gonarsu. Har yau in hadarin farko ya haɗo, nakan rufe shago da wuri, don ba na iya ciniki.

Abin da na koya shi ne, dabarar kasuwa a kasuwa ake barin ta. Mai saye in ka ja masa rai zai dawo gobe, amma naka wanda kunya ta hana shi tambaya, ba lallai yana da goben ba. In kana da abin da yake bukata, kai masa na ƙwaran tun zuwan farko.